Bayan Wutar Kara Ta Mutu: Yadda Masu Rage Ƙiba Ke Ɗorewa

A watan Disambar 2009 wani Ba'amurke mai suna Danny Cahill ya hau sikeli a gaban miliyoyin masu kallon talabijin. Wata bakwai kafin wannan dare nauyinsa kilo 195 ne, wato saura ƙiris ya kai buhu huɗu na shinkafa. Da allo ya nuna kilo 87 sai zaure ya kaure da sowa. Cahill ya cinye gasar rage ƙiba ta The Biggest Loser wadda tashar NBC ke nunawa, ya koma gida jihar Oklahoma da dala 250,000 da sabon jiki.

Da wasan kwaikwayo ne, da a nan za a tashi. Amma wani masani mai suna Kevin Hall, na Cibiyoyin Binciken Lafiya na Ƙasar Amurka, bai bar maganar ta tsaya nan ba. Shi da abokan aikinsa sun bi sawun mutum 14 daga cikin 'yan gasar wannan zango har shekara shida, suka fitar da sakamako a 2016. Mutum 13 ƙiba ta dawo musu, huɗu ma sun zarce yadda suka fara. Shi kansa gwarzon gasar ya mayar da fiye da kilo 45.

Dawowar ƙibar ba ta ba kowa mamaki ba, domin likitoci sun saba ganin haka. Abin da ya ɗaure kai shi ne abin da aka gani game da wutar jikinsu. Ko mutum yana kwance yana barci, jikinsa na ƙona abinci domin zuciya ta buga, huhu ya ja numfashi, ƙwaƙwalwa ta yi aikinta, kuma da kalori ake auna wannan ƙuna. A jikin 'yan gasar wutar ta yi ƙasa lokacin da suka rame, kuma ko bayan shekara shida ba ta farfaɗo ba. A matsakaici, ɗan gasar yana ƙona kimanin kalori 500 a rana ƙasa da abin da mai irin girmansa ya kamata ya ƙona, kwatankwacin madaidaicin farantin shinkafa da miya ke nan. Na Cahill ya kai wajen 800. Ma'ana, in ya zauna da wani mai nauyinsa suka ci abinci iri ɗaya, wancan zai tsaya yadda yake, shi kuwa ya ƙaru.

Jiki bai san ado ba, fari ya sani. A 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller a birnin New York ya gano wani sinadari mai suna leptin, wanda kitse ke fitarwa domin shaida wa ƙwaƙwalwa cewa rumbu a cike yake. Da kitse ya ragu sai leptin ya faɗi, ƙwaƙwalwa ta ɗauka shekarar yunwa ce ta shigo, sai ta rage kashewa ta ƙara neman abinci. A 1999 kuma masana a Japan suka gano ghrelin, wanda ciki ke saki, shi ne sanƙiran yunwa. Wani bincike da aka yi a birnin Melbourne na Ostareliya, aka buga a 2011, ya sa mutum 50 cikin tsauraran ƙa'idojin ci na mako goma. Shekara guda bayan nan ghrelin ɗinsu yana nan a sama, kuma suna jin yunwa fiye da kafin su fara.

Saboda haka wanda ya rage kilo ashirin suka dawo, aka bi shi da gorin cewa ba shi da zuciya, an zalunce shi. Da jikinsa yake kokawa, jikin kuma ya gaji dabarun tsira daga kaka da kakanni. Wannan ba hujjar naɗe hannu ba ce. Hujja ce ta daina dogaro da ƙwazon ranar farko, domin shi ƙwazo wutar kara ne: ta kama da ƙarfi, ta haske gida, kafin tukunya ta tafasa ta zama toka.

A ƙasar Hausa akwai wani abokin kokawa na biyu, shi ne bakin mutane. An daɗe ana ɗaukar ƙiba shaidar hutu da wadata. Tumbi ya zama kamar lambar girma ga magidanci, amarya kuma in ta shekara a ɗakin miji ba ta murje ba sai dangi su fara tambayar ba'asi. Har yau akwai 'yan mata da ke sayen ƙwayoyin ƙara ƙiba, irin waɗanda ake wa laƙabi da "sha ka fashe", cikinsu har da dexamethasone, maganin da ke kumbura fuska ya kuma ɗaga suga da hawan jini in an daɗe ana sha ba bisa umarnin likita ba. A irin wannan wuri, matar da ta sha wahalar wata huɗu ta zubar da kilo goma, in ta shiga gidan suna ba lallai ta ji barka ba. Gwaggonta ce za ta ja ta gefe, ta kama mata hannu tana duban wuyanta: "Ke 'yar nan, lafiya kuwa? Ko mai gidan ne ya daina cefane?" Namiji kuwa a majalisa zai sha tasa: "Alhaji, yaya dai, ko kasuwar ce ta juya baya?" Wasu ma ba za su furta ba, sai dai su koma gefe suna raɗe-raɗin wane ciwo ne ya kama shi. Da yawa a nan suke sarewa, ba a gaban tukunya ba. Shi ya sa masu dabara kan shirya amsa tun kafin a tambaye su, kuma gajeriyar amsa ta fi aiki: likita ne ya ce a rage, saboda gwiwa ko saboda suga. Ba a cika musu da likita ba.

Lamarin kuma ya wuce na attajiran Turai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba mai yawa, sama da mutum biliyan ɗaya ke nan. Awon da ake amfani da shi mai sauƙi ne. A raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita, a sake raba abin da aka samu da tsawon. In ya kai 25 nauyi ya fara yawa, in ya kai 30 an shiga ƙiba sosai. Mai kilo 100 da tsawon mita 1.70 yana wajen 35. Wanda lissafi ke ba shi ciwon kai yana iya ɗaukar zare ya auna tsawonsa daga ƙafa zuwa ka, ya ninka zaren biyu, ya zagaya cikinsa ta wajen cibiya. In bakin zaren bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, kuma shi ne kitsen da ya fi tafiya da ciwon suga da ciwon zuciya.

Kuskuren farko da mai babbar ƙiba ke yi shi ne wajen yanke buri. Mai kilo 120 sai ya ce shi 70 yake so, kamar yadda yake ranar aurensa. Kilo 50 dutse ne wanda in an tsaya gindinsa ba a hango kansa, kuma duk mako da sikeli ya nuna rabin kilo sai ya ji kamar ba ya motsi. Alhali lafiya ba ta jiran a kai ƙarshe kafin ta fara biya. A wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutum 3,234 waɗanda ke dab da kamuwa da ciwon suga, aka buga a 2002, an nemi wani rukuni su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu kawai, su kuma yi tafiyar sassarfa ta minti 150 a mako. Kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100 a cikinsu, yayin da masu shan maganin metformin ta ragu da kashi 31. Ga mai kilo 120, kashi 7 bai kai kilo tara ba. A Birtaniya kuma, binciken DiRECT da Roy Taylor na Newcastle da Mike Lean na Glasgow suka jagoranta ya nuna a 2017 cewa kusan rabin masu ciwon suga da aka sa cikin shirin rage nauyi sugansu ya daidaita ba tare da magani ba bayan shekara guda. Cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye, kashi 86 cikin 100 ne suka samu haka. Amma a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya aka yi, kuma duk mai shan maganin suga ko na hawan jini bai kamata ya rage ci da yawa ba sai ya ga likitansa, domin maganin da ya dace da shi yana kilo 120 yana iya kayar da shi a kilo 105.

To ina ƙibar take shigowa? Yawancin masu ƙiba za su rantse cewa su ba su cin abinci da yawa, kuma sau da dama gaskiya suke faɗa gwargwadon abin da suke ƙirgawa. Matsalar tana cikin abin da ba a kira abinci. A tsaya teburin mai shayi da safe a kalli yadda ake haɗa kofi ɗaya: madarar gwangwani, garin koko, suga cokali uku ko huɗu, ga burodi an shafe shi da bota, ga ƙwai an soya cikin mai har yana iyo. Mai wannan karin kumallo zai ce shayi kawai ya sha. Da rana zafi ya taso ya kora da lemon kwalba mai sanyi, wanda robar rabin lita ta irin su Coca-Cola ke ɗauke da suga kimanin giram 50, fiye da ƙaramin cokali goma sha biyu. Wannan kaɗai ya cinye iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka wa babban mutum na yini guda, hukumar ma ta ce rabin haka ya fi. Zoɓo da kunun aya da fura da nono ba su da laifi a karan kansu, sugan da ake zuba musu ne ya mayar da su 'yan uwan lemon kwalba. Sai mai. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kalori kusan 120, kuma mai zuba wa shinkafa da wake mai da yaji ba da cokali take aunawa ba.

Akwai kuma al'adar ci a tire ɗaya. Tana da daɗi, tana ƙara zumunci, amma wanda ya sa hannu tare da mutum biyar ba zai taɓa sanin malmala nawa ya ci ba. Haka uwar gida da ke ɗanɗana miya sau biyar kafin ta sauke, sannan ta share ragowar kwanon yara don kada a yi almubazzaranci. Masu ɗorewa kan fara da kwanonsu na kansu, ƙarami, su zuba sau ɗaya. Ba sai sun bar tuwo sun koma neman abincin Turawa mai tsada ba. Malmala ɗaya maimakon biyu, miyar kuka ko kuɓewa ko taushe da yawa amma mai kaɗan, kwaɗon zogale ko na rama kafin a taɓa tuwon, wake da kifi da ƙwai dafaffe domin su ne ke riƙe ciki. Duk waɗannan suna nan a kasuwar unguwa, kuma abincin da iyali za su iya ci tare ya fi daɗewa a gida fiye da wanda sai an ɗora tukunya ta musamman.

Makonni biyun farko mayaudara ne. Sikeli kan sauka da kilo uku ko huɗu, mutum ya yi ta murna, alhali yawanci ruwa ne: jiki na ajiye sitaci a hanta da tsoka tare da ruwa kusan ninki uku, in ajiyar ta ƙare ruwan ya bi ta. Bayan haka sai tafiya ta koma rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, wanda shi ne saurin da hukumomin lafiya ke ba da shawara. Wajen wata na shida kuma sai allurar sikeli ta tsaya cak. Jiki ya ƙanƙance, buƙatarsa ta ragu, wutarsa ta yi ƙasa, hannu kuma ya fara ƙara loma ba tare da mai shi ya lura ba. Nan ne maƙabartar yawancin shirye-shiryen rage ƙiba. Wanda aka gaya masa tun farko cewa wannan tsayawa na zuwa ba ya ɗaukar ta a matsayin faɗuwa. Yakan koma duba wasu alamomi: wandon da ya fara zamewa, gwiwar da ta daina ƙara wajen sujada, matar da ta ce minsharin ya ragu, awon hawan jini da ya sauka.

Game da motsa jiki kuwa, ana yawan ɗora masa kayan da ba nasa ba. Herman Pontzer da abokan aikinsa sun auna mutanen Hadza na Tanzaniya, mafarauta masu yini suna tafiya a daji, suka ruwaito a 2012 cewa in an yi la'akari da girman jiki, kalorin da suke ƙonawa a rana bai wuce na mazauna biranen Amurka da Turai ba. Tafiyar awa guda ba ta goge lemon kwalba biyu da fanke. Baki ne ke sauke nauyi. Ƙafa kuwa aikinta yana gaba, wajen hana shi dawowa.

Hujjar haka tana cikin wata rajista da Rena Wing da James Hill suka buɗe a Amurka a 1994, wadda ba ta karɓar kowa sai wanda ya rage aƙalla kilo 13 da rabi ya kuma riƙe hakan shekara guda. Sama da mutum 10,000 sun shiga. Hanyoyin da suka bi wajen ragewa sun bambanta ƙwarai, amma halayensu bayan nan kusan iri ɗaya ne. Kashi 90 cikin 100 suna motsa jiki kimanin awa guda kullum, yawanci tafiya ce kawai. Kashi 78 ba sa tsallake karin kumallo. Kashi 75 suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako, domin kilo biyu da aka kama da wuri ya fi sauƙin kora fiye da kilo goma da aka gano ranar da riga ta ƙi shiga. Babu wani abin burgewa cikin jerin nan, kuma a nan darasin yake. Mutanen nan ba kullum suke tashi da zumuɗi ba, sun dai mayar da abin kamar wanke baki.

Kwana nawa hali ke ɗauka kafin ya zauna? Phillippa Lally ta wata jami'a a Landan ta bi masu ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a, ta samu cewa matsakaicin lokaci kwana 66 ne, wasu 18 ya ishe su, wasu sai 254. Ta kuma ga cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. Sabon hali ya fi kamawa in an ɗaure shi jikin wani tsohon hali da ba ya tashi, kuma Musulmi yana da turaku biyar a kowace rana. Magidancin da ya ce zai riƙa tafiya "in ya samu lokaci" ba zai samu ba. Wanda ya ce daga sallar Asuba ba zai koma shimfiɗa ba sai ya zagaya unguwa minti talatin, ko ya zaɓi masallacin da ya fi nisa don Isha'i, ya riga ya kawar da gardamar da zai yi da kansa kullum. Ga mata da fita ke yi wa wuya, tsakar gida ma fili ne, musamman in an samu maƙwabciya ko kishiya da za a riƙa yi tare. Abokin tafiya yana da amfani na daban: ranar da hunturu ya busa bargo ya yi daɗi, kunyar wanda ke jira a ƙofar gida ce ke tayar da mutum.

Biki kuwa dole a je, kuma dole a ci. Ba farantin waina da naman ranar Asabar ke dawo da kilo ashirin ba. Abin da ke dawo da su shi ne tunanin ranar Lahadi, cewa tunda an karya sai a bari sai farkon wata. Azumin Ramadan ma haka yake. Binciken da aka tattara daga ƙasashe daban-daban ya nuna masu azumi kan rage kilo ɗaya da 'yan kai a watan, sannan su mayar cikin makonni kaɗan bayan Salla. Wanda ya yini bai ci ba, ya buɗe baki da ƙosai da soyayyen dankali da kunu mai zaƙi da zoɓo jug guda, kafin a zo ga tuwo, ya manta da koyarwar da ya sani tun yana makarantar allo ta raba ciki kashi uku.

Masu sayar da gajeriyar hanya ba su taɓa ƙarewa ba. Shayin rage tumbi da ake talla a Facebook da TikTok da yawansu ganyen filasko ne ko danginsa, gudawa suke sawa, ruwa ya fita sikeli ya sauka, kitse yana nan inda yake. Alluran zamani kuwa na gaske ne. Semaglutide, wanda kamfanin Novo Nordisk na Denmark ke sayarwa da sunan Wegovy, Amurka ta amince da shi don rage ƙiba a 2021, kuma a gwaji ya sauke kusan kashi 15 cikin 100 na nauyin masu amfani da shi ta hanyar kashe musu yunwa. Sai dai waɗanda suka daina sun mayar da kashi biyu cikin uku na abin da suka rage cikin shekara guda. Ga tsada, ga jabu: a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun wannan magani da aka kama a wasu ƙasashe. Allura ce ta asibiti, ba ta kemis ɗin bakin layi ba.

Akwai wani ɓangare na binciken Kevin Hall da jaridu ba su cika ambata ba. 'Yan gasar nan 14 sun fara da matsakaicin nauyin kilo 149, suka sauka zuwa 91, bayan shekara shida suka tsaya a 132. Duk da dawowar da aka yi ta yayatawa, suna ƙasa da inda suka fara da kusan kashi 12 cikin 100, fiye da kashi 7 ɗin da ya kare mutane daga ciwon suga a binciken 2002. Da masanan suka sake duba alƙaluman a 2017 domin gano abin da ya raba waɗanda suka fi riƙe ragin da waɗanda suka mayar da shi duka, sai suka ga ba yawan abin da suke ci ne ya bambanta su ba. Waɗanda suka riƙe su ne waɗanda, shekara shida bayan an kashe kyamarori an raba kyauta, har lokacin suke fita motsa jiki sama da awa guda kowace rana.